Shanun Kawu Sun Zama Sifiri

Shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu, ina akawu a wani ofishin aikin gona a Birnin Kudu. Arzikin mai ya kawo mana kwamfuta ɗaya tal, mai baƙin allo da koren rubutu, sai an ta da janareto take aiki. Ni aka tura Kano na koyi rubuta mata umarni, na dawo ina hura hanci kamar ni na ƙera ta.

Allurar rigakafi ba ta da yawa, aka ce a raba wa garuruwa gwargwadon shanunsu. Malaman dabbobi suka zaga da takardu, ni kuma na tsara wa na'urar tambayoyi uku: mai garke, garinsa, shanu nawa. In an buga lamba, ta karɓa ta tara. In an buga abin da ba lamba ba, ba ta musu, sai ta ɗauke shi sifiri ta wuce. Na san da wannan. Wallahi na sani! Layi biyu kacal zan ƙara ta ƙi karɓa ta sake tambaya. Ganda ta sa na ce wane sakarai ne zai rubuta magana a gurbin lamba?

Ashe ni ne sakaran, na manta inda na fito. A garinmu Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, mai shanu ba ya faɗin yawan garkensa. Bakin mutane yake tsoro, kuma jangali bai gama fita daga zukatan mutane ba. A sauran wurare malamai sun shiga garke sun ƙirga da idonsu. Wanda aka tura namu kuwa ɗan gari ne, kunya ta hana shi matsa wa dattawa, abin da suka ce shi ya rubuta. "Alhamdu lillahi." "Da dama." "Sai godiya." Mai buga mana takardu, baiwar Allah, abin da ta gani shi ta buga. Na'ura ta fitar da jeri, ko dubawa ban yi ba na miƙa wa shugabanmu.

Motar allura ta je Kangire, ta je Maruta. Farin Dutse ba shanu a takarda, me za ta je yi?

Sai da labarin mutuwar shanun garinmu ya iso mini na zaro takardun na duba, na ga aikina. Ranar Asabar na hau babur na tafi wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tun daga bakin gari wari ya tare ni. Na same shi zaune a garke, ba komai sai turaku da igiyoyi.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, kai da kake cikinsu, me muka yi wa masu allurar ba su zo ba?"

Na ce, "Kawu, allurar ce ta ƙare."

Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Kai dai na san ka yi iya yinka."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har ya koma ga Allah ban faɗa masa gaskiya ba, kuma har yau ina jin kunyar kaina. A ranar da na je ɗin, matarsa, da nake kira Inna, ta dama mini fura da ruwa, ta durƙusa ta ajiye tana ba ni haƙuri, wai in shanye haka, babu nono a gidan.