Isuhu Tela Da Dajinsa Na Tsakiyar Ƙonni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan, nan Abijan, sai ga saƙon ƙanwata Rakiya: Isuhu tela ya rasu.

Taubashina ne, ɗan kawuna. Na zauna bakin gado da takalmi ƙafa guda, ina so in yi kuka, sai dariya ke zo mini, don da kashin awaki na fara tuna shi.

Bayan shekarun yunwar tamanin, akwai wani juji bayan unguwarmu a Ƙonni. Isuhu ya roƙi mai unguwa ya bar mishi wurin, wai daji zai yi. Daji cikin gari!

Lokacin kowa bedi, wato dogon yaro, yake dasawa, a jere kamar sojoji. Shi ya ce sai itacen ƙasarmu: gawo, aduwa, magarya, kalgo, bagaruwa, kuma a cushe, kafaɗa da kafaɗa, yadda suke fita a daji.

Ƙwayar gawo kuwa ba ta tsira da sauƙi sai ta bi ta cikin akuya. Ni ke da amalanken jaki. Kun ga yadda na shiga uku.

Har Bazaga muke zuwa muna share garken mutane. Mata na leƙe ta darni suna cewa, "Isuhu, kamun kai ya ƙare ne?" Shi ko sai ya ce, "Inna, akuyarki ta hi mu ilimi, mun zo ɗaukar karatu."

Na zage shi iya zagi. Ya tsufar mini da jaki da jidar ruwa, in na yi magana ya ce, "Sahabi, kai da jakin duka lada kuka samu, amma nashi ya hi yawa, shi bai ƙorahi."

Awakin gari sunka cinye dashen farko ƙaf. A nan ya fito da dabararsa. Duk gidan da aka yi suna, zai je da ɗan itace a gwangwani, ya ce wa mai jego, "Ga tagwan ɗanki, zo ki ga inda za mu sa shi."

To wace uwa za ta bari akuya ta ci tagwan ɗanta? Ruwan wanke-wanke ya koma can. Ƙaya ta kewaye wurin ba da kowa ya ce a yi ba.

Cikin shekarun tis'in wani alhaji mai manyan motoci ya ce an ba shi filin daga buro, ofishin hukuma, gareji zai yi. Ya turo masu gatari. Isuhu na kan kekensa yana ɗinki, ko tashi bai yi ba. Matan unguwa ne sunka fito, kowacce ta tsaya gindin nata.

Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta ce wa babbansu, "Wagga aduwa jikana Hamza ce. Sare ta in gani, ɗan nema!"

Masu gatari sunka koma da gatarinsu a kafaɗa. In faɗi gaskiya, alhajin bai yi taurin kai ba, har tano biyu, manyan ganguna, ya aiko daga baya don a riƙa tara ruwa.

Zuwana gida na ƙarshe, ya ja ni cikin wurin da tsakar rana. Sanyi, ƙamshin ƙasa, kukan kurciya, ga ƙarar motoci can waje kamar daga wani gari. Ya cika mini aljihu da magarya daga itacen ɗiyata Zali.

Na ce, "Ni ina nawa?"

Ya ce, "Kai? Ana dasa ma mai zama. Ka dawo gida, ran nan in dasa maka kuka."

Ban dawo ba. Neman abinci ya riƙe ni nan har furfura, kuma ba wani abin kirki na tara ba.

Yau na ga masu rubuta yabonsa, har da waɗanda sunka kira shi mahaukaci. Ba komi, yabon ma alheri ne. Amma Rakiya ta ce tun yana kwance wasu sun fara auna wurin da ido, don fili ya yi tsada.

Don haka ku 'ya'yan unguwa, Hamza, Zali da sauranku, kun girma, wasunku na Yamai, wasu na Sakkwato. Tambayi uwarka wane itace ne naka. In an tashi zaman makoki, ku je ku tsaya gindinsu yadda iyayenku sunka tsaya, a gan ku.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe mishi kurakuransa, ya sa kowace inuwa da ya bari ta zama inuwa gare shi ranar da babu wata. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi ma taubashina Ƙulhuwallahu.