Teburin da Na Gani a Kuru

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shekarar da bakina ya raba maƙwabcina da shagonsa ba.

Ni mahauci ne a Abattoir, wato mayankar garinmu, gado na yi. Jikin rumfata akwai wani Inyamuri mai sayar da kifi da kajin firiza, mun fi shekara goma tare. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. In na tafi masallaci shi ke tsare mini nama, ranar Lahadi kuma ni ke duba masa janareta kada kayansa su narke.

Wata safiya muka tarar an shafa wa shagunanmu jan fenti, mu tara. Wai wata ma'aikatar tarayya ce ta ce filin nata ne, mu tashi. Muka kwasa sai gidan ɗan majalisarmu na tarayya. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Ni doka nake yi, ba ni nake aiwatarwa ba. Zan iya sa kwamiti ya kira daraktan ma'aikatar ya yi bayani. Amma hana rusau sai kotu." A raina na ce, ji mutum! Lokacin ƙuri'a babu abin da ba ka iyawa, yau kuma ka zama marar hannu. Ban yarda da shi ba ko na sisin kwabo, amma dai muka ɗauki lauya muka shigar da ƙara.

Shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya, yau a ɗage, gobe a ɗage. Ana cikin haka ma'aikatar ta aiko cewa duk wanda ya cire sunansa daga ƙarar ya miƙa makulli, za a ba shi wuri a wata sabuwar kasuwa can bayan gari.

Ana nan sai aka ɗauke ni gashin raguna a wani babban taro a Kuru. Rana tsaka ina yanka balangu, na ɗaga kai. Wa zan gani? Alƙalin da ke shari'armu, ga daraktan ma'aikatar a damansa, ga ɗan majalisarmu a hagu, tebur ɗaya. Wallahi har daraktan ya miƙa wa alƙalin yaji, suna dariya. Na ce shi ke nan, an yanka mu an feɗe, mu ne ba mu sani ba.

Ko gida ban biya ba, na nufi shagon Oga. Na ce, "Oga, an sayar da shari'ar nan. Da idona na gani."

Ya ce, "Malam, ka ji abin da suka faɗa?"

"Sai na ji? Gwamnati muka kai ƙara wurin gwamnati. Wanda ke cin nama da kai zai kama ka da laifi?"

Ya ce, "Yarana huɗu suna makaranta. Ba zan iya rasa biyu ba, shagon nan da wurin sabuwar kasuwa." Kafin sati ya ƙare ya cire sunansa ya miƙa makulli. Ina tsaye katafila ta murƙushe shagon. Ni kam ban cire nawa ba, kuma ba don jarumta ba. Mahauci in ya bar bakin mayanka ina zai je? Na zauna ne kawai ina jiran ranar da za a zo kaina.

Ranar hukunci na shiga kotu da shirin jin abin da na riga na sani. Alƙalin nan ya gyara tabarau ya karanta cewa dokar da majalisa ta yi ta shimfiɗa matakan da za a bi kafin a tashi mutum, ma'aikatar kuma ba ta bi ba, don haka ba ta da ikon taɓa mu. Lauyan ma'aikatar ya miƙe zai yi magana, alƙalin ya ce masa ya zauna. Na zunguri lauyanmu na ce, to waɗanda suka tashi fa? Ya ce, "Wanda ya fita daga ƙara da ƙafarsa, hukunci bai san shi ba."

Na je na sami Oga a sabuwar kasuwar. Babu wuta, babu masu saye, firizarsa a buɗe, fanko. Na faɗa masa mun ci shari'a. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, kai da ka gani da idonka, me ya sa ba ka cire naka ba?" Bai cika shekara a wurin ba ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu.

Har gobe ban yarda da manya ba, kuma ba zan ce muku kowane alƙali haka yake ba. Amma na gane ba a raba mai yin doka da mai aiwatarwa da mai hukunci don su ƙi gaisawa ba. An raba su ne don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido, ya iya ce masa a'a. Ni na yi zargi, na yanke hukunci, na zartar, duk ni kaɗai, kuma babu wanda ya tsayar da ni. Ina nan a rumfata, shi kuwa da ya yarda da ni ya rasa tasa.