Gwaggo Mai Matasai Ta Ajiye Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga wata, jim kaɗan bayan azahar, matata ta shigo ɗakin ɗinki ta tsaya bakin ƙofa. Da na ga idonta na saki hannun keken. Allah Ya karɓi ranki, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda duk layinmu ya sani da Mai Matasai.

Mutane za su tuna ki da matasan kujera masu ado da kika cika falukansu da su. Ni kuwa da raina nake tuna ki.

Shekara shida ke nan da motar kaya da nake tuƙawa ta kife da ni, aka yanke mini ƙafafu biyu daga gwiwa. Na dawo gida na juya fuskata bango. Wata takwas ban fita tsakar gida ba, ban ƙara dariya da 'ya'yana ba. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da "sannu" har suka gaji. Ke ba ki taɓa ce mini sannu ba. Wata safiya kika shigo da buhun ƙyallayen da kika tsinto wajen teloli, da tsohon kekenki na hannu, kika dire shi kan tebur.

"Direba, ga mota na kawo maka. Ita ɗigon mai kawai take sha."

Na ce, "Gwaggo, ki bar ni. Ni da matacce ɗaya muke."

Kika ce, "Matacce ba ya gardama. Riƙe almakashi."

Matashin farko da na ɗinka ya fito kamar an taka kwaɗo. Ba ki yabe shi don ki faranta mini ba. Kika sa reza kika farke shi, sau uku, ina huci kina ƙara miƙo mini zare. Ke kika nuna mini yadda ake ɗinka ƙyalle ta bai a juyo shi, yadda ake datse kusurwa don ta fito tsaf, da yadda ake tura auduga lungu-lungu da bayan cokali kafin a cika tsakiya. Kina cewa matashin da aka cusa wa auduga da fushi, wuyan mai shi ne zai faɗa. Ranar da na sa zif ɗina na farko bai karkace ba, kika ɗauki matashin kika zagaya gida-gida kina nunawa, kamar jika aka haifa miki. A ranar na fara jin kunyar bangon nan da na zauna ina kallo.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai bazawarar da ke bayan gidanki, akwai tsohon malamin makarantar da hannunsa ke rawa, wanda kika ba aikin zaɓen launi da jera maɓallai don kada ya zauna haka. Ba ki taɓa ɓoye wa kowa sirrin sana'a ba.

Da ciwo ya kwantar da ke a asibiti, sai kika lura tsofaffin da ke ɗakinku ba su da abin jingina, bayansu duk ya yi gyambo saboda kwanciya. Kika yi musu alkawarin matashi kowane gado, mai laushi, mai rigar da za a cire a wanke. Kika ce kuma lallai ya yi kyau, don mara lafiya ma yana da ido. Kina kwance kina yanka, ana kawo mini ina haɗawa. Mun kai rabin gadajen, almakashi ya gagari hannunki. Zuwana na ƙarshe kika kama wuyan rigata kika ce, "Na bakin taga ba su samu ba."

Gwaggo, za su samu. Ƙyallayen da kika yanka suna nan gabana, da alamar allinki a jiki. Ni da bazawarar da Malam mun zauna jiya mun raba aikin. Ba zan karɓi ɗinkin kowa ba sai gado na ƙarshe ya samu nasa, kuma da kaina zan tura kujerata mai taya in kai. Bayan nan ƙofar ɗakin nan a buɗe take ga duk wanda rayuwa ta zaunar da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da mahaifina da ya rasa ƙanwa, da maƙwabtan da suka rasa uwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Kin sauƙaƙa wa bayin Allah kwanciya a duniya. Allah Ya sauƙaƙa miki taki. Amin.