Baƙuwar Da Na Kira a Kurudu

Ni ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda kujerar ofis ta fi iyalinsu sanin su. Duk shekarun da na yi a ma'aikatarmu, tumbina ne kaɗai yake samun ƙarin girma a kan lokaci. Da rayuwar Abuja ta fara shaƙe mini wuya, sai na koyi wata sana'a: ɗaukar gajerun bidiyo ina sayarwa a intanet. Ka ɗauki gajimare yana tafiya, ko ruwa yana zuba daga indararo, ka tura wani shafi, masu haɗa talla a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba su saya. Har hayaƙin mai gasa masara na taɓa sayarwa. Hayaƙi fa, jama'a!

Sana'ar tana da doka mai tsauri. Fuskar mutum ba ta shiga sai da amincewarsa a rubuce. Ni kuwa ba na son roƙon mutane, don haka na koma ɗaukar wuraren da ba kowa. Sautin ma cire shi nake kafin in tura, ko saurara ba na yi, tunda masu saye nasu kiɗan suke ɗorawa.

Wata Asabar cikin damina na je bayan Kurudu, inda sababbin gidaje suke cin gonaki kaɗan kaɗan. Akwai wani fili can, ga kangon ɗakunan ƙasa da ciyawa ta rufe, ga tsohuwar tsamiya. Rana tsaka ce, ko tsuntsu ba ya motsi. Na kafa kyamara, na danna, sannan bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce, "Salamu alaikum masu gida! Ku fito a ɗauke ku hoto, Turawa na jira!" Na yi dariyata ni kaɗai, na kwashe kayana.

Masu tantancewa na shafin suka dawo mini da bidiyon. Wai akwai mutum a ciki. Na ce waɗannan barci suke yi a kan aiki, kamar mu. Na buɗe a kwamfuta, na ƙara girman hoton, sai dariyar ta maƙale. Can gindin tsamiyar ga wata tsohuwa a tsaye, da ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi, tana kallon kyamara. Na ce to, wucewa ta zo yi ban lura ba.

Mako na gaba na tafi Kwali, na ɗauki tukwane an jera su suna shan iska, bayan masu ginin sun tafi cin abinci. Aka dawo da shi. Tana bayan tukwanen. A Sheda na ɗauki gonar dawa, wurin da ko akuya babu. Nan ma tana ciki, kuma ta matso har ina ganin tsagen kumatunta. Ba ta murmushi, ba ta ɓata rai. Tsayuwa ce irin ta wanda aka ce ya jira.

Sai saƙo ya zo daga shafin: in na sake turo fuskar mutum ba izini, za su rufe mini shago gaba ɗaya. Shagon nan kuwa shi ke riƙe da makarantar yarana. Ranar ko tuwo kasa shiga ya yi, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni.

Na nuna wa maƙwabcina hoton, wani mai gyaran janareta mutumin Filato, wanda ya san kowa daga Karu har Kurudu. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar da yatsu biyu.

"Oga, wannan mama ba ya cikin mutanen da ana nema."

"Kamar yaya?"

"Wancan kango, tun ni ban zo Abuja ba mutanensa ya tashi. Wanda ya rage, ƙasa ne yana riƙe da shi."

Uwargidana ce ta ce in kunna bidiyon farko da sautinsa. Muna falo bayan la'asar, fanka na juyawa. Muka ji muryata tana washe baki tana kiran masu gida. Sannan, kusa da kyamarar ƙwarai, kamar a kafaɗata, wata murya a hankali ta ce, "To. Ga ni zuwa."

Gashin jikina har na cikin hanci ya miƙe. Uwargida ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa mini, ta tofa wa kwamfutar, sannan ta dube ni.

"Baban yara, kai ka kira ta?"

"Wasa nake yi, Hajiya."

"Ita ta san wasa kake? Ka kira babbar mace, ta taso, ka juya ka shiga mota. A gidanku haka ake wa baƙo? Ka koma ka sallame ta, ka taka mata."

Na ce in raka wa, iska? Ta ce ko in raka iska, ko in bayyana wa yara dalilin zamansu a gida.

Washegari da hantsi na koma. Na bar motar nesa, na kafa kyamara a inda na kafa ta da farko, na danna. Na cire hula na mayar, ban san dalili ba. Na ce, "Mama, sannu da ƙoƙari. Na kira ki na bar ki a tsaye, ki yi haƙuri. An gama aikin. Mu je in taka miki."

Na kama 'yar hanyar da ta nufi tsamiya, ina tafiya a hankali yadda ake yi da tsofaffi, na bar mata gefen da babu ƙaya. Ban ga kowa ba. Amma ciyawar da ke hannun damana tana kwanciya tana tashi daidai da takuna, kuma ina jin ƙanshin hayaƙin itace, irin wanda ke kama zanen mai girki. Da muka isa gindin bishiyar, ƙanshin ya yi gaba. Na tsaya, na yi mata sallama, na juyo. Ban yi gudu ba. Tafiya ce dai wadda ta kai ni mota kafin takalmina ɗaya.

Na yanke wurin da nake ciki, na tura sauran: tsamiya, kango, ciyawa. Aka karɓa. Na tura na wani wurin, shi ma aka karɓa. Shago ya tsira, yara suka koma makaranta, tuwo ya dawo hanyarsa.

Da yamma uwargida ta tambaye ni, tana yanka kuɓewa, "Da za ku rabu me ka ce mata?"

"Na ce ta gaida gida."

"Shi ke nan?"

Na ɗauki kofin ruwa na kafa kai. Mutum ya shekara arba'in da ɗoriya yana raka baƙi, ai baki ya riga ya haddace sauran. Can gindin tsamiyar, bayan a gaida gida, na ji kaina na ƙara da, "Sai kin sake leƙo mu."

Har yau ina sana'ata, amma da bakina a rufe. Kowane bidiyo kuma, kafin in tura, sai na bi kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Sautin dai har yanzu ba na saurara.