Rakiyar Amarya Kafin Wata Ya Cika

Ana kiran assalatu muka bar Samaru, gari bai gama wayewa ba muka shiga motar kudu a Sabon Gari. Ƙawata ce za ta tare a gidan mijinta, a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku a jihar Ondo. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Zariya aka haife ta, benci ɗaya muka zauna tun firamare. Ni da yayarta muka raka ta, da akwatuna da keken ɗinkinta.

Ango ya ce lallai mu iso kafin wata ya cika. A mota ta yi mini bayani: idan wata ya cika ko ya tsaya sabo, shi da rana sukan haɗu su ja teku, ruwa ya hau fiye da kullum. A wannan karon watan ya matso kusa da duniya, ga damina ba ta ɗauke ba. In muka makara, ruwa zai shanye hanyar shiga garin, kayanta su jiƙe.

Ni ce mai rubuta wa farin wata waƙoƙi, ita kuma tana yi mini dariya. Yanzu ta fi ni saninsa, kuma ƙanwar mijinta ce ta koya mata. Daga Kaduna har Lokoja suna waya suna ƙyalƙyala dariya da harshen da ba na ji.

A Lokoja muka ci soyayyen kifi mai tsada kamar a jirgin sama aka kawo shi. Bayan Okene motar ta lalace, muka yi asarar yini. A raina na so bakanike ya ɓata hanya.

"Ke 'yar Samaru," in ji ƙawata, "kowa na addu'a, ke kina murmushi. Lafiya?"

Na ce zafi ne.

Da la'asar muka isa, ruwa ya riga ya fara lasar hanya. Gidajen a kan turaku suke, gadar katako ta haɗa su. Ƙanwar angon ta tarye mu, ta dubi turken da suke auna ruwa da shi, ta ce mu yi sauri. Na ɗora kan keken ɗinkin a kaina. Kafin tsakiyar gadar ruwa ya rufe katakon, na daina ganin inda zan taka. Ƙanwar angon ce ta riƙe mini hannu, tana nuna mini da ƙafarta, har muka shigar da komai a bushe. Ƙawata ta fara rungumarta, sannan ni. Na lura.

Na dawo Samaru da ƙaiƙayin gishiri a ƙafa da kujera babu kowa a gefena. Tafiyar ta koya mini cewa wadda nake kishi da ita ce za ta san ranar da za a ɗage kayan ƙawata sama, ni daga Zariya ba zan sani ba. Kishin bai tafi ba, amma na karɓi lambarta.