Akawun da Ya Karanta wa Mma Hawawu

Tsoro ya kama Kausara ne a daidai lokacin da lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗaga takardar rantsuwar Mma Hawawu, ya nuna wa alƙali dangwalen yatsan da ke ƙasanta.

"Ya mai shari'a, tsohuwar nan ba ta iya karatu ba. Ina aka rubuta cewa an karanta mata, an fassara mata da harshen da take ji, kafin ta dangwala?"

Babu inda aka rubuta. Kausara ce ta buga takardar. Watanta huɗu da gama jami'a, tana hidimar ƙasa a ofishin Lauya Gariba da ke unguwar Zogbeli. Da takardar ake roƙon kotu ta dakatar da wani mutum da ya fara gini a filin tsohuwar a unguwar Gumbihini. In aka yi watsi da ita, magina su ci gaba da aikinsu. Alƙali ya ɗage zaman, Kausara ta tattara takardu za ta ɗaure fayil.

Wanda ya karɓa ya ɗaure shi ne Mba Ziblim, babban akawun ofishin. Shekararsa talatin da ɗaya a wurin. Masinja ya fara, yana kai wasiƙu a kan keke, da karatun da bai wuce makarantar midil ba. Ya koyi tafireta da yatsa biyu, duk lokacin da sakatariya ta fita cin abinci. Daga nan aka fara aikensa kotu shigar da takardu, ya haddace wadda ke son kwafi uku da wadda ke son biyar, da kwanakin da doka ta bayar kafin lokaci ya ƙure. Sai da ya shekara goma sha biyu kafin aka yarda ya tsara takardar rantsuwa da kansa. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma sababbin lauyoyi sukan leƙo teburinsa a ɓoye su yi tambaya. Ranar da Kausara ta yi nata aikin, yana garin Savelugu wajen jana'izar yayansa.

"Mai digiri, share hawayenki kada ki jiƙa mini fayil," in ji shi. "Hau babur."

Sun tarar da Mma Hawawu tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Mba Ziblim ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a kan turmi, ya shiga karanta takardar layi-layi yana juya mata da harshenta, Dagbanci. Da ya kai inda aka ce ita kaɗai ke noma filin tun rasuwar mijinta, sai ta ɗaga hannu.

"Wa ya ce haka? Damina biyu na ara wa ƙanin mijina Zakaria, ya shuka masara. Duk unguwa ta sani."

"Mma, ai kin dangwala," in ji Kausara da ƙaramar murya.

"'Yata, ce mini kika yi maganar filina ce, in sa yatsa. Na sa. Da kin karanta, da na faɗa miki."

Mba Ziblim bai ko dubi Kausara ba. Biro ya zaro ya gyara wurin, ya ce wa tsohuwar, "Mma, ɗauko mayafinki. Yau za ki hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, kamar amarya."

"Kai, Ziblim, har yau ba ka da kunya!"

Suka koma ofis, Kausara ta sake bugawa yana tsaye a kanta. A ƙasa ya sa ta ƙara layin da ya faɗi wanda ya karanta, da harshen da aka fassara, da cewa mai rantsuwa ta nuna ta fahimta. Ya sake karantawa tun daga farko a gaban mai ɗaukar rantsuwa, sannan tsohuwa ta dangwala. Saura minti goma a rufe ofishin rajista suka shigar da ita, tare da roƙon kotu ta karɓe ta a madadin ta farko.

Da Lauya Gariba ya fara yi wa Kausara faɗa, Mba Ziblim ya katse shi cikin ladabi.

"Lauya, ni ne ban nuna mata ba. A makarantarsu ba a kawo musu tsofaffi masu dangwale."

Washegari Kausara ta jawo kujerarta kusa da ta Mba Ziblim. Yanzu aikinta sa lamba a shafuka da jera kwafi, shi kuwa yana duba kowace takarda kafin ta fita ƙofa. Har yanzu tana tsorata duk lokacin da wayar ofis ta yi ƙara.

Ɗaya ɓangaren ya ƙi amincewa da sabuwar takardar. Alƙali ya ce ranar Alhamis zai yanke ko za a karɓe ta. Yau Talata, ba wanda ya san abin da zai ce.