Hajiyar da ta sayar mini da moto mai taya uku

"Hau baya, ɗana, ka kama ƙarfen nan da kyau."

Haka Hajiya ta ce mini a ƙofar gidansu a Rillieux-la-Pape, tana ɗora hular kwano a kan kallabinta. Daga Saint-Denis da ke gefen Paris na taso don in sayi moto, wato babur, na hannu, irin mai taya biyu a gaba wanda ke kwantawa in an sha kwana. Hajiyar 'yar Cadi ce, sa'ar mahaifiyata. Duk zatona moton ɗanta ne.

Wallahi a shataletalen farko ta kwantar da shi har na ga kwalta dab da gwiwata. Salati kawai nake, ita kuwa ko a jikinta.

Da muka tsaya, na ce, "Hajiya, me ya sa za ku sayar? Ciwon gwiwa ne?"

Ta harare ni. "Wace gwiwa? Har Marseille nake zuwa da shi, amma ya cika nauyi, ba ya gudu. Mai taya biyu zan saya."

Na saya dai, amma a bayan babbar mota aka kawo mini shi Paris.

Tun ranar na daina yi wa iyayenmu kallon masu zaman ɗaki. Ku fa, wace dattijuwa ta taɓa ba ku mamaki haka?